Shukar Tudu a Tankin Baba

"Bokiti! Dogo, kawo bokiti da kofi, yi sauri!"

Auta ba ta san lokacin da ta zube gwiwa biyu a gaban tankin kifin ba. Hannun sabuwar rigarta, wadda ta yi sati guda tana lallaɓawa a cikin leda saboda wannan rana, ya jiƙe sharkaf har kafaɗa.

Ruwan ya yi fari-fari kamar na wankin shinkafa. Wari ya cika falon, irin na kwatar da ta toshe. Ƙananan kifayen masu wutsiya kamar mafici duk sun taso sama suna hangame baki, uku kuwa sun riga sun juya ciki sama.

Yau ce ranar farko da ta tako gidan su Dogo, saurayinta, don ta gaida iyayensa. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta kurɓa ba, 'yar goggonsa, wadda gidan ke kira 'Yar Madubi, ta miƙe tana rangwaɗa ta fizge zanen da aka lulluɓe tankin da shi.

"Ga aikin ƙwararriya," ta ce. "Ai gara ta gani da idonta."

Dogo ya dawo da gudu, bokitin na zubar da ruwa a kan kafet.

"Na famfo ne?" Auta ta tambaya ba ta ɗago ba.

"Na randar kicin ne, tun jiya aka tara."

"Yawwa, shi nake so."

Ɗaya bayan ɗaya ta riƙa kamfato kifayen da kofi tana sakinsu a bokiti a hankali. Duk inda ta taɓa a ƙasan tankin sai ganye ya narke a yatsunta kamar takardar da ta kwana a ruwa.

Jajayen ganyen nan masu ratsin fari...

Ita ta zaɓe su.

Daga bayanta ta ji wani gurnani mai rauni. Baba ne a keken guragu, ɓarin jikinsa na dama a shanye, yana nuna matattun kifayen da hannunsa mai lafiya. Tun da ciwon ya kwantar da shi magana ta yi masa wuya. Likita ne ya ce a samar masa abin kallo mai kwantar da hankali, shi ya sa Dogo ya haɗa tankin. Kifi goma sha biyu, kuma kullum da safe sai tsohon ya ƙirga su da yatsa.

Yanzu yatsan ya tsaya a kan tara.

"Innalillahi..." Mama ta toshe hanci da gefen mayafinta. "Kai ka ce mini duk garin nan ba wanda ya kai ta sanin shukar ruwa!"

"Mama, ba laifinta ba ne. Ni ne..."

"Yaya, kar ka wahalar da bakinka." 'Yar Madubi ta gyara zaman ɗan kunnenta. "Shekaranjiya na je shagon nasu da kaina. Na ce ina neman ƙwararriyar da ke zaɓa wa mutane shuka. Mai shagon, kawunta, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, 'Auta? Auta wankin tanki take yi da shara!'"

Injin iska na ta ɓulɓula a cikin ƙazamin ruwan.

Dogo ya juyo a hankali.

"Autata... faɗa musu ƙarya take yi."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Auta ta shige ta ja murfi.

Wata huɗu kenan da haɗuwarsu. Ranar Kawu ya tafi ɗauko kaya, ita kuma ta cire rigar robar da take wanki da ita, ta haye kujerarsa tana hutawa. Sai ga dogon saurayi da farar riga da biro a aljihu, ya sunkuyar da kai don kada ya bugi ƙofa, ya yi murmushi ya ce, "Ke ce mai kula da shuke-shuken nan?" Bakinta ya riga hankalinta. "Ni ce." Tun daga nan ba ta taɓa ba shi lokacin zuwa shagon ba sai ranar da Kawu ba ya nan. Da ya gama haɗa tanki ya zo neman shuka mai sauƙi ta ɗan koyo, sai ta duba shagon ta ɗebo masa waɗanda suka fi kyau a ido, jajayen da ke cikin kwalabe a bakin taga, ta haɗa da wata koriya mai kaurin ganye. Har da ɗaga yatsa ta ce masa, "Ka binne gindinsu sosai a cikin tsakuwa, kar ka bar komai a waje."

"Auta," ya sake cewa. "Ina jin ki."

"Gaskiya ta faɗa."

Muryar ta fito kamar ba tata ba.

"Wankin tanki nake yi. Ban san komai a kan shuka ba. Ko sunansu ban sani ba."

Mama ta tafa hannu. "Allah na gode maka da ka tona tun kafin a yi nisa! Wadda ta fara da ƙarya a kan ganye, a kan me za ta yi gaskiya?"

Kallon Auta kawai Dogo yake, kuma gara a ce marinta ya yi.

Ta miƙe, rigarta na ɗiga. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"A sa musu bututun iskar a cikin bokitin. Kar a ba su abinci yau."

"Har yanzu koyarwa take!" 'Yar Madubi ta sheƙe da dariya.

Auta ta fita da takalminta a hannu.

*

Kawu na tsaye a kan benci yana gyara fitilar wani tanki lokacin da ta faɗo shagon. Ya dubi rigar, ya dubi idanun da suka kumbura.

"Wa ya mutu?"

"Kifi uku, Kawu..."

Ta durƙusa a tsakanin bokitai ta zayyane masa komai, tun daga kujerar har zuwa zanen da aka fizge. Bai katse ta ba. Da ta gama ya sauko daga bencin, ya cire tabaransa.

"Nuna mini wacce kika ba shi."

Ta nuna bakin taga.

"La'ilaha! Ke 'yar nan! Waɗannan ai na ado ne a kan tebur! Shukar tudu ce, ƙafarta kaɗai ke son ruwa. Kin taɓa ganin na nutsar da ɗaya a tanki?"

"A'a."

"To me ya sa ba ki tambayi kanki ba?"

"Sun fi kyau ne, Kawu."

"Sun fi kyau!" Ya ɗaga hannu sama kamar mai kai ƙara. "Sati biyu suke yi a ƙarƙashin ruwa su ruɓe, su ɓata ruwan, su shanye iskar kifi. Sai wacce kuma?"

Ta nuna koriyar mai kaurin ganye.

"Anubiyas. To wannan kam kin dace, ko makaho ya raine ta za ta rayu. Yaya kika ce ya dasa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Na ce ya binne gindin sosai."

Kawu ya zauna daɓas a kan bencin.

"Abu ɗaya tak ke kashe ta a duniya, shi kika zaɓa. Shekara biyu kina wanke tankin da take ciki, ba ki taɓa lura a jikin dutse nake ɗaure ta ba?"

Ta lura. Zato take ado ne.

"Ni fa ban ga laifin uwar yaron ba," ya ce. "Ni ma da ɗana ne haka zan ce. Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, sana'ar da take ciyar da ke ita kika ji kunya. Hannun nan nawa shekara nawa ya yi a ruwan kashin kifi kafin na san sunan ganye ɗaya?"

Hawaye suka zubo mata. Ta so ya yi ta faɗa, faɗan ya fi sauƙi.

"Kawu, ka koya mini. Ko guda uku ne. Shi na san na rasa shi... amma tsohon nan kullum sai ya ƙirga kifinsa."

Kawu ya daɗe yana kallonta. Sannan ya yi tsaki, ya turo mata ƙaramin dutse da ƙafarsa.

"Ɗauko zare. Kuma in kika ce mini kin gane alhali ba ki gane ba, sai na jefa ki a tankin can mai kifi masu haƙori."

*

Washegari da hantsi ta buga ƙofar gidan.

Rigar roba ce a jikinta, mai tabon gansakuka a ƙirji, da takalmin ruwa har gwiwa. Bokiti a kowane hannu, tiyo a naɗe a kafaɗa. Kayan da ta yi wata huɗu tana ɓoye wa Dogo kenan. Tun daga bakin titi take jin kamar kowa ita yake kallo. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

'Yar Madubi ce ta buɗe. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Mama! Masu kwasar shara sun zo!"

Mama ta leƙo, fuskarta a haɗe. "Me kika manta?"

"Ina kwana, Mama. Ɓarnar da na yi na zo gyarawa. In na gama zan tafi, ba za ki sake ganina ba."

"Mun gode. Za mu nemo wanda ya iya."

Ƙwan! Ƙwan! Ƙwan!

Daga cikin falo ne. Baba ke buga sandarsa a jikin ƙarfen keken. Mama ta waiwaya. Tsohon ya nuna bokitin kifayen da ke gefensa, ya nuna Auta, ya sake buga sandar.

Mama ta ja numfashi, ta matsa gefe.

Dogo na tsaye a jikin taga, da alama ko ofis bai je ba. Bai gaishe ta ba. Ita ma ba ta yarda idonsu ya haɗu ba. Ta leƙa bokitin.

Tara. Duk suna motsi.

Ta fara da abin da ta iya. Ta zuƙe ƙazamin ruwan da tiyo, ta tsince ruɓaɓɓen ganye har na ƙarƙashin tsakuwa, ta goge gilashin lungu-lungu. Soson injin tacewa kuwa ba ta kai shi famfo ba, a ruwan da ya kwana ta ɗauraye shi a hankali. Wari ya sake tashi. 'Yar Madubi ta fesa turare ta koma ɗaki.

Sannan ta buɗe bokiti na biyu. Ba Dogo ta kalla ba, Baba ta fuskanta.

"Baba, jiya na koya, ba zan ɓoye maka ba. Guda uku ne kawai na sani."

Ta ɗago wata mai siraran ganye dogaye kamar ribon.

"Wannan saiwarta kaɗai ake sa wa a tsakuwa, a can baya. Ita za ta yi ta 'ya'ya da kanta."

Ta ɗago wata 'yar kewayayya mai saiwa kamar gemu.

"Wannan ka san ta, kainuwa ce. Ba a dasa ta, a sama take yawo tana shanye dattin ruwa. In ta yi yawa a rage, kada ta tare haske."

Gefen bakin Baba mai lafiya ya motsa.

"Wannan kuma anubiyas. Ba ta son haske da yawa, ba ta son taki. Wannan kaurin da ke kwance kamar yatsa, in aka binne shi ruɓewa yake. A jikin dutse ake ɗaure ta."

Ta ɗauki dutsen da zare. Dutsen jiƙaƙƙe ne, ya suɓuce. Ta sake, ya sake suɓucewa. Jiya Kawu ne ya riƙe mata. Zufa ta keto mata, ga Mama a tsaye ta harɗe hannu tana kallo.

Sai wani dogon hannu ya sauko ya riƙe dutsen.

"Ɗaura," ya ce a hankali.

Ta fara naɗa zaren.

"Kin san abin da ya fi yi mini ciwo?" Muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ba wankin tankin ba ne. Da kin faɗa mini tun ranar farko, da sai in ce ki koya mini wankin."

"Na ga farar rigarka da bironka... sai na ji kamar ni ba komai ba ce."

"Sau uku ina rantse wa Mama a kanki, Auta."

"Na sani. Ka yafe mini ko ba za ka sake kula ni ba."

Ta ƙulle zaren. Bai saki dutsen ba.

"Ba ki tambaye ni wa ya lulluɓe tankin da zane ba."

Ta ɗago a karon farko.

Kunnuwansa har sun yi ja. Ya juya ga mahaifiyarsa.

"Mama, ni ma ina da tawa. Tun kwana na biyar na ga ganyen na narkewa. Kullum da asuba sai in tsince ruɓaɓɓun in zubar kafin kowa ya tashi. In ta kira ta ce yaya shuke-shukenta, sai in ce sun yi kore shar."

"Kai kuma don me?" Mama ta zaro ido.

"Na zaci ni na kashe su. Na ce yaya zan dubi ƙwararriya in ce mata ko sati ban iya riƙe shukarta ba? Jiya da na ga ruwan ya juya, ga ta nan tafe, sai na ɗauko zanen teburinki na rufe. Har na kashe fitila na ce wa Baba kifin barci suke."

Auta ta saki baki.

"Da ka faɗa mini..."

"Da me za ki ce?"

Ta yi tunani. "Da na ce ka ƙara binne su."

Wani sauti ya fito daga keken guragun, kamar tari, kamar shaƙuwa. Duk suka juya a firgice. Baba ne, kafaɗarsa ɗaya na girgiza, hawaye na bin kuncinsa. Dariya yake! Ya ɗaga yatsa ya nuna ɗansa, ya nuna Auta, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Sa... sakarkaru... biyu."

Mama ta dafe ƙirji. Rabon da ya haɗa kalma biyu a jere tun kafin a sallamo shi daga asibiti. Ta juya baya da sauri tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Suka cika tankin da ruwan da ya kwana. Auta ta sa kifayen a leda ta bar ta tana yawo a sama na ɗan lokaci don su saba, sannan ta kwance bakin. Suka bazu, suka shige tsakanin dogayen ganyen. Yatsan Baba ya tashi yana bin su, ɗaya, biyu, har tara.

Ta naɗe tiyonta, ta haɗa bokitai.

"Mama, na gama. Nan da kwana uku a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Kawu zai turo wani."

"Wani wa?" Mama ta juyo. "Ki ɓata, ki gyara rabi, ki bar mana wani? Ke za ki dawo." Ta kalli rigar robar, ta kalli takalmin. "Kuma ban ce na manta ba. Amma wadda ta iya shigowa gidan da aka yi mata dariya a cikin wannan kayan... ki faɗa wa kawun naki muna nan zuwa mu gan shi."

Daga ɗakin da 'Yar Madubi ta shige aka ji an bugo ƙofa da ƙarfi.

Dogo ya karɓi bokiti ɗaya daga hannunta.

"Autata."

"Kar ka kira ni haka a gaban Mama..."

"Mai wankin tankina, to."

"Dogo!"

Ta rufe fuska da hannun da ke warin kifi, kunya da daɗi suka haɗu suka hana ta numfashi. Ya rako ta har ƙofa, ya miƙa hannu zai buɗe kenan aka danna ƙararrawa, aka kuma danna, ba a saki ba.

Wata mata ce mai jiki, da baƙin tabarau da jaka mai sarƙar ƙarfe, bayanta wata doguwar mota ko kashe ta ba a yi ba. A hannunta kwalba ce cike da farin ruwa, jajayen ganye na yawo a ciki yaga-yaga. Auta ba ta taɓa ganinta ba. Amma bokitin da ke hannun Dogo ya faɗi ƙasa.

"Matar shugaban ofishinmu ce," ya raɗa mata. "Duk abin da kika faɗa mini ranar nan na rubuta... na ba shi... na ce daga bakin ƙwararriya ne."

Matar ta cire tabarau. Ta dubi Dogo, ta dubi yarinyar mai rigar roba.

"Kifina arba'in," ta ce. "Ina ƙwararriyar take?"

Auta ta gyara tiyon a kafaɗarta, ta tako gaba.

"Babu ƙwararriya a nan, ranki ya daɗe. Ni mai wankin tanki ce. Nawa ne suka rage da rai?"